A Juya Faifai A Ji Bayansa

A ƙarshen zangon karatu na biyu, sa'ad da muke share tsohon siton da ke bayan ɗakin karatu tare da 'yan aji biyar, muka ci karo da wani kwali wanda gara ta fara ci daga ƙasa. Da muka buɗe sai muka tarar da ƙananan faya-fayan garmaho a jere, kowanne cikin rigarsa ta takarda, sun haura 70. Ga alama wani malami ne daga ƙasar waje ya bar su sa'ad da ya koma gida, shekaru da yawa da suka wuce. Yawancin ɗaliban ba su taɓa riƙe faifai a hannunsu ba, har wata yarinya ta ɗauka faranti ne. Muka zauna a kan benci muna karanta sunayen mawaƙan da ke jiki. Daga mu har malaman da suka girme mu, ba mu gane ko kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Sai wani yaro ya ce, "Malam, a cikin waɗannan wanne ne ya zo na ɗaya?" Muka ce masa da wuya a sami ko guda. Ya ce, "To, in haka ne ai shara ce, mu kai su bola." Ba mu ga laifinsa ba, domin mu muka koya masa wannan lissafi. Tun yana aji ɗaya, abin da ake fara tambayarsa in ya je hutu shi ne, na nawa ka zo? A ɗakin malamai ma ra'ayi ya rabu biyu. Waɗansu suka ce a ƙone kwalin a sami wuri, waɗansu suka ce a dakata tukuna.

Mu muna cikin masu cewa a dakata, kuma a wannan shafi za mu faɗi dalilinmu. Ra'ayinmu shi ne, matsayin da waƙa ta samu a jerin kasuwa yana gaya mana abin da ya faru da ita a cikin 'yan makonni kaɗan, amma bai isa ya yanke hukunci a kan darajarta ba. Za mu kafa hujja da tarihin kiɗan pop da rok na Amurka da Ingila, domin a can ne aka fi ɗaukar wannan jeri da muhimmanci, a can ne kuma aka ajiye lissafinsa mako-mako har kowa zai iya dubawa.

Mene ne jerin nan?

Ga waɗanda ba su san shi ba, ƙaramin faifan nan kamfanin RCA Victor na Amurka ne ya fito da shi a 1949. Faɗinsa inci 7, yana juyawa sau 45 a cikin minti ɗaya. Kowane gefe yakan ɗauki waƙa ɗaya ta kimanin minti uku. A gaba akan sa waƙar da kamfani ya ɗora wa rai, a baya kuwa a sa wadda ake gani ta cike gurbi ce kawai. Da yake yana da araha, shi ne abin da samari da 'yan mata ke iya saya da kuɗin aljihunsu.

A Ingila an fara buga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a watan Nuwamba na 1952. Wani ma'aikacin jaridar New Musical Express mai suna Percy Dickins ne ya buga waya zuwa kantuna kimanin 20, ya tambaye su faifan da ya fi tafiya, ya haɗa lissafi. A Amurka kuwa, mujallar Billboard ta fara babban jerinta na waƙoƙi 100 a watan Agusta na 1958. A 1959 ta ƙara wani ƙaramin jeri a ƙasa domin waƙoƙin da suka kusa shiga ɗarin ba su shiga ba, wato masu zama a bakin ƙofa. Dubban faya-fayai ke fitowa kowace shekara, gurbi kuwa ɗari ne. Ke nan tun kafin a saurara, an san yawancinsu za su kwana a waje.

Abin lura shi ne yadda ake ƙirgar. Shekaru fiye da 30, abin da masu kantuna da gidajen rediyo suka faɗa da bakinsu shi ake rubutawa. Mai kanti yana iya mantuwa, yana iya son kai, ana kuma iya lallashinsa. Sai a 1991 ne Billboard ta koma ƙirga ciniki da kwamfuta daga wurin biyan kuɗi a kantuna. Nan da nan aka ga waɗansu irin kiɗan da ake rainawa, kamar kiɗan mutanen karkara na Amurka da na samarin baƙar fata na birane, sun hau can sama. Jama'a sun daɗe suna sayensu, mudun awon ne ba ya nunawa.

Abin da ke kayar da waƙa mai kyau

Na farko shi ne toshiyar baki. A wancan zamani waƙar da ba a ji a rediyo ba, ba mai zuwa kanti ya nema. Saboda haka kamfanoni suka riƙa ba masu sa faifai a gidajen rediyo kuɗi da kyaututtuka a ɓoye domin su yi ta maimaita nasu. Abin ya yi ƙamari har majalisar dokokin Amurka ta fara bincike a 1959. Wani shahararren mai gabatar da shiri, Alan Freed, ya rasa aikinsa a wannan shekara, a 1960 kuma aka gyara doka, aka hana karɓar irin wannan kuɗi ba tare da an sanar da masu sauraro ba. To, ku yi tunanin ƙaramin mawaƙin da ba shi da abin da zai miƙa. Faifansa yana iya kwana a kan teburin gidan rediyo har ƙura ta rufe shi, allura ba ta taɓa hawa kansa ba.

Na biyu shi ne rarrabuwar masu sauraro bisa launin fata. A 1966 aka fitar da "River Deep – Mountain High" da sunan Ike da Tina Turner. Mai tsara ta, Phil Spector, ya tara makaɗa da masu amshi cike da ɗaki, ya kashe kuɗi mai yawa, yana ganin ita ce mafi girman aikinsa. A Amurka ta tsaya a lamba ta 88. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, gidajen rediyon farar fata sun ga muryar ta baƙar fata ce, na baƙar fata kuma sun ga kiɗan na farar fata ne, sai ta rasa masauki. Amma a wannan shekarar, faifan nan dai, ba a canza masa ko ɗigo ba, ya kai lamba ta 3 a Ingila. Ku tambayi kanku, wanne ne gaskiyar waƙar, 88 ko 3? Daga baya a 1999 aka sa ta cikin waƙoƙin tarihi da masu ba da lambar Grammy ke karramawa.

Na uku shi ne rashin isar kaya kasuwa. A birnin Memphis an yi wata ƙungiyar samari mai suna Big Star. Babban faifansu na farko ya fito a 1972, masu sharhi a jaridu suka yaba ƙwarai. Amma kamfanin Stax da ke da alhakin rarraba shi bai iya kai shi kantuna yadda ya kamata ba. Mutum zai karanta yabo a jarida, ya je kanti, a ce babu. A 1974 suka sake fitar da wani, wanda a cikinsa aka ciro "September Gurls" a kan ƙaramin faifai. A lokacin kuma rigima ta shiga tsakanin Stax da kamfanin Columbia a kan rarraba kaya, waƙar ba ta ko leƙa jerin ɗarin nan ba. Ba da daɗewa ba ƙungiyar ta watse. Duk manomin da ya taɓa kallon tumatirinsa yana ruɓewa a bakin hanya don mota ba ta zo ba, ya san cewa laifin ba na gona ba ne. A 2003, da mujallar Rolling Stone ta jera manyan faya-fayai 500 da take gani sun fi kyau a tarihi, duka ukun da Big Star suka yi a wancan zamani suna ciki.

Na huɗu shi ne kuskuren masu zaɓe. A 1964 wata budurwa mai suna Gloria Jones ta rera "Tainted Love". Da aka fitar da faifan a 1965, sai aka sa ta a baya. Gaba da bayan duka ba wanda ya shiga jeri. Shekara takwas faifan yana kwance, sai a 1973 wani Bature mai sa faifai a wuraren rawa, Richard Searling, ya saye shi a wata tafiya da ya yi zuwa Amurka. A lokacin samarin arewacin Ingila, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata, suna da wata al'ada ta kwana suna rawa da tsofaffin waƙoƙin baƙar fatar Amurka waɗanda ba su yi kasuwa ba. Babban dandalinsu yana garin Wigan, daga 1973 zuwa 1981. A can waƙar ta sami masoya. A 1981 wasu samari biyu da ake kira Soft Cell suka sake rera ta da kayan kiɗan lantarki, ta zo ta ɗaya a Ingila, a Amurka kuma ta yi mako 43 a cikin jeri, abin da wata waƙa ba ta taɓa yi ba kafin wannan lokaci.

Waɗanda suka tashi bayan faɗuwa

Misalan ba su ƙare ba. A 1975 wata ƙungiya a Landan mai suna Arrows ta fitar da "I Love Rock 'n' Roll", ba ta shiga jeri ba. A 1976 wata mawaƙiya 'yar Amurka, Joan Jett, ta gan su suna rera ta a talabijin sa'ad da take rangadi a Ingila. Ta riƙe ta a rai, daga baya ta rera, a 1982 ta yi mako bakwai tana ta ɗaya a Amurka. Haka kuma Paul Simon da Art Garfunkel. Babban faifansu na farko ya fito a watan Oktoba na 1964, bai sayu ba, suka rabu, Simon ya tafi Ingila. A tsakiyar 1965 mai tsara musu waƙa, Tom Wilson, ya ɗauko "The Sound of Silence" daga cikin faifan, ya ɗora mata ganga da gitar lantarki ba tare da ya gaya musu ba. A watan Janairu na 1966 ta zo ta ɗaya. Muryoyin nan dai su ne waɗanda aka ƙi saye shekara guda kafin nan.

Labarin da ya fi ba mu mamaki shi ne na Sixto Rodriguez, ɗan ma'aikata 'yan asalin Meziko, wanda aka haifa a birnin Detroit a 1942. Ya yi manyan faya-fayai biyu, a 1970 da 1971. Ba su sayu a Amurka ba, kamfani ya sallame shi. Ya koma aikin leburanci, yana rushe tsofaffin gine-gine, yana kuma karatu har ya sami digiri a fannin falsafa a 1981. Ashe faifansa na farko ya isa Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariyar launin fata, ya shiga gidaje da yawa, musamman na samarin farar fata da suka gaji da wannan mulki. An ƙiyasta cewa an sayar da kusan rabin miliyan a can, shi kuwa ba ya ganin kuɗin. Masu tace waƙoƙi na rediyon gwamnati har kankare wata waƙarsa suka yi a jikin faifai don kada a sa ta. Jita-jita ta bazu cewa ya mutu.

Waɗansu masoyansa biyu suka ƙi yarda da jita-jita, suka shiga nemansa har suka same shi da rai a 1997. A 1998 ya je Afirka ta Kudu ya yi wasa a gaban dubban mutanen da suka haddace waƙoƙinsa. A 2012 aka yi fim a kan labarin, fim ɗin ya ci lambar Oscar a 2013. Rodriguez ya rasu a watan Agusta na 2023 yana da shekara 81. Da jerin Amurka kaɗai za a bi, da sai a ce mutumin nan bai taɓa yin abin kirki ba.

Kada mu ruɗi kanmu

Yanzu bari mu saurari masu cewa a ƙone kwalin, domin suna da tasu gaskiyar. Jerin kasuwa ba maƙaryaci ba ne a kowane lokaci. Waƙoƙi da yawa da suka zo na ɗaya sun cancanta, har yau ana jin daɗinsu. Da yawa kuma daga cikin waɗanda suka faɗi, rashin kyau ne ya kayar da su, ba makirci ba. Wanda ya ce duk abin da jama'a suka ƙi zinariya ne, ya yi kuskure daidai da wanda ya ce duk abin da suka so zinariya ne. Mun kuma san akwai iyaye da dattawa da za su ce me ya kawo waƙoƙin duniya cikin mujallar makaranta. Ba mu ce kowace kalma da ke cikin faya-fayan nan ta dace da kunnen yaro ba, ba mu kuma ce a yi koyi da rayuwar kowane mawaƙi ba. Abin da muke cewa shi ne a saurara kafin a yanke hukunci, sa'an nan a zaɓa.

Akwai kuma wata cutar a ɗaya gefen, wato ɗaukaka abu don kawai ya yi wuyar samu. A 1965 kamfanin Motown ya buga 'yan kofe kaɗan na wata waƙar Frank Wilson mai suna "Do I Love You", aka fasa fitar da ita, aka lalatar da kusan duka. A 2009 aka sayar da guda ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira a kan kuɗi fiye da fam 25,000 na Ingila. Waƙar tana da daɗi, amma wannan farashi na ƙarancin kaya ne. Mai sayen da ya kulle faifai a akwati don tsadarsa, da yaron da ya ce a kai shi bola don bai zo na ɗaya ba, dukansu lamba suke kallo, ba wanda ya kasa kunne.

Abu mafi nauyi kuwa shi ne, kada mu ɗauka cewa lokaci yakan biya kowa haƙƙinsa. A 1969 ƙungiyar Winstons ta fitar da faifan da gabansa ya yi kasuwa sosai, bayansa kuwa, wani kiɗa mai suna "Amen, Brother", ba wanda ya kula da shi. A tsakiyarsa mai ganga, Gregory Coleman, ya yi wani bugu na kimanin daƙiƙa bakwai shi kaɗai. Tun daga wajen 1986 masu haɗa kiɗa da na'ura suka riƙa yanko wannan ɗan guntu suna ginawa a kai, har ya shiga dubban waƙoƙi. Coleman ya rasu a 2006 cikin talauci, bai sami ko sisi daga wannan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2015 waɗansu mutane a Ingila suka tara gudummawa ta kimanin fam 24,000 suka ba shugaban ƙungiyar, Richard Spencer. Haka nan Chris Bell, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Big Star, ya rasu a haɗarin mota a 1978 yana da shekara 27, tun kafin yabon ya iso. Yabon da ya zo bayan an rufe kabari, ihu ne bayan hari.

Idan muka duba labaran nan da kyau, za mu ga ba lokaci ne da kansa ya tono waƙoƙin ba. A kowane labari akwai mutum ɗaya ko biyu da suka ɗauki wahala. Searling ya tsuguna ya tona tarin tsofaffin faya-fayai. Joan Jett ta riƙe abin da ta ji shekara da shekaru. Masoyan Rodriguez sun bi sawu har Detroit. Inda ba a sami irin waɗannan mutane ba, waƙar ta tafi ke nan, ba wanda zai rubuta labarinta a mujalla. Ga kowace guda da aka ceto, akwai ɗaruruwa da gara ta cinye.

Mu dawo gida

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin a Nijeriya ma an yi kiɗan rok. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ƙungiyoyin samari masu gita suka tashi a Legas da garuruwan gabas. Ɗaya daga cikinsu, Ofege, 'yan makarantar sakandare ne kamarku, ɗaliban kwalejin St. Gregory da ke Obalende a Legas. Babban faifansu na farko ya fito a 1973 a kamfanin EMI, ya kuma yi farin jini a lokacinsa. Amma da kaset ya shigo, satar fasaha ta yi yawa, tattalin arziki ya tsuke, sai manyan kamfanonin waje suka janye, faya-fayan wancan zamani suka zama abin da yara ke wasa da shi a tsakar gida. Daga baya baƙi ne suka zo suna bi kasuwa-kasuwa suna saye. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattara waɗansu ya sake fitarwa, a 2016 kuma kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar da wani tarin tare da tarihin da ɗan Nijeriya Uchenna Ikonne ya rubuta.

Ga kuma William Onyeabor na Inugu, wanda ya gina ɗakin ɗaukar murya da wurin buga faifai nasa na kansa, ya fitar da manyan faya-fayai daga 1977 zuwa 1985. Daga nan ya ajiye wannan kiɗa, ya mai da hankali ga ibada da sana'arsa. Da kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙinsa a 2013, duniya ta yi ta nemansa, shi kuwa bai so yawan magana a kan abin da ya bari ba, har ya rasu a 2017. A Nijar akwai Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗansa na ogan a Yamai a 1978, aka fitar a kan kaset 'yan kaɗan. Mutanen Nijar sun saba jin kiɗan a rediyo da talabijin, amma kaset ɗin ya ɓace daga kasuwa, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi. Muna gode wa baƙin nan. Amma abin kunya ne a ce sai wani ya ƙetaro teku kafin mu san abin da ke ƙarƙashin gadon kakanninmu. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai ba a zubar da ita ba.

Abin da muke roƙo

Ɗalibai, kun san inda maganar ta dosa. Kowane ƙarshen zango mukan jera ku daga na ɗaya har kurar baya, ranar ba da kyaututtuka kuma mukan kira uku na sama. Ba mu ce a daina ba. Jarrabawa tana auna abu na gaskiya, wanda ya zo na ɗaya da guminsa ya cancanci tafi. Malalaci kuma kada ya ɗauki labarin Rodriguez ya yi matashin kai da shi, domin mutumin nan ya gama aikinsa da kyau kafin a manta da shi, da bai yi ba, da babu abin da za a tono. Amma mu malamai mun sani a zuciyarmu cewa takardar sakamako tana kama da jerin kasuwa. Ba ta nuna yaron da zazzaɓi ya kwantar a makon jarrabawa, ko wadda aka kora gida mako uku saboda kuɗin makaranta, ko wanda baiwarsa take a bayan faifai, a fannin da ba mu ba shi maki. In muka karanta lamba muka rufe littafi, mun zama kamar gidan rediyon da ya bar faifai a kan tebur.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, hukumar makaranta ta ba kwalin nan gurbi a ɗakin karatu, nesa da rana da laima, a jera faya-fayan a tsaye domin in aka kwantar da su bisa juna sukan lanƙwashe. Na biyu, ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai ta rubuta sunan kowane faifai, da mawaƙinsa, da kamfaninsa, da shekararsa, gaba da baya. Na uku, iyaye da 'yan'uwa masu karanta wannan mujalla, in kuna da tsofaffin faya-fayai ko kaset a gida, na Turanci ne, ko na Hausa, ko na harshen garinku, ko na ƙungiyar mawaƙa da aka ɗauka a wani taro, kada ku ba yara su yi wasa da su. Ku ajiye, ko ku kawo mu naɗe a kwamfuta mu mayar muku da kayanku. Akwai muryoyin da wannan kaset ɗin ne kaɗai ya rage daga gare su.

Wani dattijo a unguwa ya ba mu aron garmahonsa, wanda har yanzu yana aiki. Ran wata Asabar da yamma muka goge faya-fayai 20, muka sa su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin taro. Gaskiya ita ce yawancinsu ba su burge kowa ba, ɗalibai suka yi ta dariyar ƙarar allura. Uku ne kawai suka sa ɗakin ya yi tsit, biyu daga ciki kuwa a bayan faifai suke. Yaron nan da ya ce a kai bola bai janye maganarsa duka ba. Ya ce, "Malam, har yanzu sauran shara ne, amma a sake sa mana wancan mai jar takarda." Muka sake sawa. Saura fiye da 50 ba mu saurara ba tukuna, mun kuma sa ranar Asabar ta farko a sabon zango. Wanda ke da kunne ya zo. Allah ya kai mu lafiya.